Kada a Taɓa Wannan Jeri

Litinin, ƙarfe goma na safe

Ruwa bai hau unguwar kan tudu ba tun ranar Juma'a. Inna ce ta fara gaya mini, ina kan hanyar ofis. Ta ce, "Ke mai aikin ruwa, famfonmu sai tari yake yi, ko ɗigo babu." Na ce, "Inna, ni fa ba aikin ruwa nake yi ba, aikin kwamfuta nake yi." Ta ce, "To ki gaishe mini da kwamfutar, ki ce mata jarkokinmu sun bushe."

Na yi dariya. Da na san abin da ke jirana, da na adana ta.

Manaja ya kira ni ɗakinsa tun ban ajiye jaka ba. Da kansa ya turo mini kujera, abin da ba ya yi sai in zai yanka mutum. Manhajar kamfaninmu ce ke gaya wa hukumar ruwa lokacin buɗe kowane bawul na bututun ruwa da lokacin rufe shi. Tun Juma'a take rufe na kan tudu kafin ruwa ya kai rabin hanya. Yanzu sun koma buɗewa da hannu, kuma suna son bayani a rubuce kafin ƙarshen wata. Bayani, da sunan wanda ya yi.

Ya juyo mini da allon kwamfutarsa. Gyara na ƙarshe da aka yi wa manhajar, ranar Alhamis. Sunana ne a jiki.

"Injiniya, ba wai zarginki nake yi ba," in ji shi.

Ba a faɗin haka sai an gama zargin.

Ban cika wata da dawowa daga hutun karatu ba. Shekara biyu ina can ina ƙaro ilimi, na dawo na busar da famfon uwata.

Litinin, bayan magariba

Baban yara ya ce in yi masa bayani kamar yadda zan yi wa ɗan aji uku. Shi malamin makaranta ne, kowa ɗan aji uku ne a wurinsa.

Na ce laburare biyu muke da su, wato tarin lissafi da aka rubuta da harshen C aka haɗa ya zama fayil wanda inji kaɗai ke karantawa. Na farko muna ce masa Tushe. Malam ne ya rubuta shi tun ina ɗalibarsa a jami'a, kafin ya kafa kamfanin. Tushe ke lissafa yawan ruwan da bututu zai iya ɗauka. Na biyu Taswira, shi ke tsara lokutan bawul, amma ba ya iya komai sai ya tambayi Tushe. Ma'aikatan hukumar ba za su iya magana da waɗannan fayiloli kai tsaye ba, shi ya sa muka ɗinka wa kowanne riga da harshen Python, yadda za a kira shi da layi ɗaya. Ɗinka rigunan nan shi ne aikina.

"To me kika ɓata?"

"Layi biyu na sauya wa wuri. A farkon manhajar ana kiran Taswira, sannan a kira Tushe. Na ga bai dace ba, ɗa a gaba uba a baya. Na sa Tushe a sama."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan. Sai dai akwai ɗan rubutu a saman layukan: kada a taɓa wannan jeri."

Ya ajiye cokali. "Kika taɓa."

"Babu dalili a jiki, babu sunan wanda ya rubuta."

"Ai ko a ƙofar banɗaki aka rubuta kada a shiga, ke sai kin leƙa kin ga dalili. To a mayar da su yadda suke mana."

An mayar. Dogo, abokin aikina, ya mayar da su da rana, lissafi ya dawo daidai nan take. Abin da ya hana ni cin abinci ke nan. Jerin nan bai kamata ya canza komai ba. Tushe ɗaya ne, ko a farko aka kira shi ko a ƙarshe amsarsa ɗaya. Kuma Dogo bai yi bincike ba. Kai tsaye ya je kan layukan, kamar mai komawa inda ya ajiye takalminsa.

Talata, da rana

Dogo ya kawo mini shayi. Bai taɓa yi ba.

Laraba, ƙarfe huɗu na yamma

Na nemi wanda ya rubuta gargaɗin. Tarihin gyare-gyare ya nuna an shigar da shi daga babbar kwamfutar da muke haɗa fayiloli a kanta, wadda kowa ke shiga da suna ɗaya. Wato ba kowa.

Dogo shi ke kula da Taswira, kuma shi ya riƙe kujerata lokacin da ba na nan. Na tambaye shi. Ya sosa ƙeya, ya dubi silin daga can saman tsawonsa, ya ce, "Wallahi Shugaba, abin ya daɗe." Shugaba yake ce mini tun da na dawo, yana jan kalmar kamar cingam.

Na tambayi Anti Gwaji, wadda duk abin da zai fita daga ofishin nan sai ya bi ta hannunta ta gwada shi. Ta ce, "Ai haka muka same shi." Matar da ta zo kamfanin nan tun ana zama a kan kwali. A hannun wa ta same shi?

Malam ya wuce ta teburina zai tafi gida, da jakarsa ta fata mai tsinkakken hannu. Ya ce, "'Yata, yaushe ne tafiyar karatun? Kada ki bari su Manaja su riƙe ki." Na yi dariya, shi ma ya yi.

Malam dama mai barkwanci ne.

Alhamis, ƙarfe sha ɗaya na safe

Fayil ɗin Taswira ya yi ƙiba. Kafin in tafi karatu na san girmansa, ni na ɗinka masa riga. Yanzu ya kusa ninka kansa, alhali ba a ƙara masa wani aikin kirki ba.

Na sa aka zazzago mini sunayen duk ayyukan da ke cikinsa. Ga nasa, na gane su. A ƙasa kuma sai ga sunayen ayyukan Tushe, kaf ɗinsu, a jere kamar 'yan haya.

Wani ya ɗauki Tushe sukutum ya cusa shi cikin Taswira ya ɗinke. Ke nan idan manhajar ta tashi, Tushe biyu ne a cikin inji: na fili, wanda rigata ke kira, da na ɓoye. Sunayensu ɗaya, kuma yadda muka tsara lodin rigunan, wanda ya riga shiga shi ke amsa duk kiran da aka yi da sunan. In Taswira ya fara shiga, na ɓoye ke amsa wa kowa, na fili yana zaune ba mai tambayarsa. Da na sauya jerin, sai na fili ya karɓi magana.

Haka kawai ba ya faruwa. Sai an zauna an rubuta umarnin haɗawa na musamman. An rubuta, kuma an ajiye shi a wani lungun da ba na zuwa.

Ban gaya wa kowa ba. Na sha shayina ina kallon ƙeyar Dogo.

Juma'a, da yamma

Bari in faɗi abin da nake tunani, tunda takarda ba ta kai ƙara.

Mutum ya zauna a kujera shekara biyu, ta yi masa daidai. Mai kujera ta dawo. Ya san halinta, ya san ba za ta ga an rubuta kada a taɓa ta wuce ba. Me ya rage? Ya zuba ido.

Ba wai zarginsa nake yi ba.

Yau na shiga ɗan kicin ɗin ofis ɗaukar ruwan zafi, na tarar da shi da Anti Gwaji da Manaja a tsaye, kai a haɗe. Ina shiga Manaja ya ce, "To haka dai, sukari ya yi tsada." Mutum uku masu digiri sun taru a kan sukari. Anti ta tambaye ni lafiyar yara har sau biyu.

Asabar, bayan la'asar

Na je gidan Inna. Ruwa ya dawo, amma labari ya riga shi zagaya unguwa. Ita da bakinta ta gaya wa maƙwabta cewa kwamfutar 'yarta ce ke raba ruwa, lokacin abin yana abin alfahari. Yanzu matar gidan kusa ta gaishe ni ta ce, "Sannu Injiniya, a riƙa tuna mu dai."

Inna ta raka ni bakin ƙofa. "Korar ki za su yi?"

"Ba a kai nan ba."

"In ba ke kika yi ba, ki faɗi wanda ya yi. Ban haife ki don ki riƙa ɗaukar wa mutane kaya ba." Sai kuma ta ce, "Ya Malam? Mutumin kirki. Ranar rasuwar babanku shi ya tsaya a kan komai."

Na ce lafiyarsa lau.

Litinin, ƙarfe biyu na rana

Na raba Tushe biyun, na yi musu tambaya ɗaya: bututun kan tudu, ruwa nawa yake ɗauka? Na kuma yi lissafin da hannuna a bayan ambulan.

Na ɓoyen ne ya faɗi gaskiya.

Na fili, Tushenmu na asali wanda sunansa ke kan duk takardun kamfani, shi ne ya ce bututun yana ɗaukar ninkin-ba-ninkin abin da yake ɗauka. Shi ya sa aka rufe bawul da wuri, manhajar ta ɗauka unguwar ta ƙoshi.

Wannan ya rushe mini ginin zargin da na yi ranar Juma'a, kuma na ji haushi, don ginin ya yi kyau. Wane irin maƙiyi ne zai ɓoye abu mai kyau ya bar mara kyau a fili?

Sai na jera rubutun su biyun gefe da gefe. Na ɓoye tsohon Tushe ne, kamar yadda na bar shi. Na fili an yi ta taɓa shi tun bara. A wuri ɗaya an cire rabawa biyu, aka ɗauki faɗin bututu a matsayin rabin faɗinsa. A wani wurin an gyara abu, aka warware gyaran, aka sake gyarawa. Akwai aikin da aka rubuta sau biyu, kalma da kalma, ɗaya a ƙarƙashin ɗaya.

Na duba sunan mai gyaran. Na Malam ne.

Na rufe kwamfutar na fita na tsaya a baranda. A ƙasa wani mai mota yana ta faɗa da mai gadi a kan wurin ajiye mota. Na kalle su har suka shirya.

Talata, da yamma

Yau na canza launin wani maɓalli daga shuɗi zuwa wani shuɗin. Aiki ya yi kyau.

Laraba, ƙarfe biyar na yamma

Malam ba ya kulle kwamfutarsa. Kowa ya sani. Yana fita salla ko shan iska ya bar ta a buɗe, ƙofa a buɗe. Duk wanda ya ga dama zai iya shiga ya rubuta shirme da sunansa. Ga kuma al'adar gidan nan: aikin kowa sai an duba kafin ya shiga, ban da na Malam. Nasa kai tsaye yake wucewa. Wa zai duba wa Malam aiki?

Don haka na juya teburina yadda zan riƙa hango ƙofarsa. Na ce hasken taga ke damun idona. Dogo ya taya ni ɗauka.

Tun safe nake gadi. Mai shara ta shiga ta fito, kuma in ita ce ke rubuta C to a ƙara mata albashi. Ban da ita ba wanda ya shiga.

Da azahar sabon gyara ya shigo cikin Tushe. Ina kallonsa ta ƙofa lokacin da ya tura shi. Ya jingina da kujera, ya shafa gemu, fuskarsa irin ta wanda ya gama aiki mai kyau.

Ya fito ya ba mu labarin ranar da ya fara gwada Tushe wuta ta ɗauke. Mun yi dariya a inda ake dariya. Ya ba mu shi ranar Litinin ma.

Gajiya ce. Mutum mai shekarunsa yana zuwa ofis kullum.

Alhamis, ƙarfe uku na rana

Na tare su a ɗakin manyan kwamfutoci, inda ƙarar fanka ke rufe magana. Dogo da Anti Gwaji. Na rufe ƙofa na jingina da ita.

"Wa ya cusa Tushe a cikin Taswira?"

Dogo ya fara, "Shugaba, wato abin da ya faru..."

"Ka bar ni da Shugaban nan. Kai ne?"

"Ni ne."

"Ni na sa shi," in ji Anti. Ta zauna a kan kwalin takardu ta gyara mayafi. "Bara na kama kuskure na farko a gwaji. Na ɗauka na nufi ɗakin Malam. Ina shiga ya ce, a'a, ga uwar gida, zauna, ya ɗanki da na biya wa kuɗin makaranta? Na zauna muka yi hira na fito da takardata a hannu."

"Sai kuka gyara a ɓoye."

"Mun gyara," in ji Dogo. "Washegari ya ga an taɓa, ya mayar, ya tara mu ya yi mana faɗa. Muka sake gyarawa, ya sake mayarwa. To ya za mu yi? Sai na ɗauki tsohon na sa a ciki, na sa Taswira a gaba. Shi yana ta aikinsa, ba abin da ke fita waje. Kowa ya huta."

"Kun ba shi sitiyarin wasa ke nan, yana ta murzawa."

"Ke kin iya magana," in ji Anti. "To ga ɗakinsa can. Je ki gaya masa. Ke ce 'yarsa ai."

"Me ya hana ku gaya mini ni?"

Suka dubi juna.

"Mun so," in ji Dogo. "Kullum sai mu ce gobe. Kin san bakinki."

"Me bakina ya yi?"

"Ga shi kuwa kina yi."

Anti ta ce matar Malam ta zo ofis da kanta watannin baya, ta roƙi Manaja a bar shi ya riƙa zuwa. A gida, in ji ta, ba ya zama. Ba ta ƙarasa ba, ni ma ban tambaya ba.

Na fito kunnena yana ta ƙarar fanka. Na fi son lokacin da nake da maƙiyi.

Juma'a, ƙarfe goma sha biyu

Manaja ya sake turo mini kujera.

Ya riga ya tsara komai, har ya buga. Bayanin zai ce ma'aikaciyar da ta dawo daga hutu ta sauya tsarin lodi ba tare da gwaji ba. Za a ba ni takardar gargaɗi, a ɗauke ni daga aikin hukumar ruwa, a ba Dogo. "Na ɗan lokaci ne, Injiniya. Takarda ce kawai. Kuma ai ba ƙarya a ciki."

Gaskiya ne, ba ƙarya a ciki. Ya iya zaɓen gaskiyar da za ta shiga ambulan.

Na ce, "Yallaɓai, hukumar za ta sauya kwamfutocinta baɗi. A sababbin, ba lalle wanda ya riga shiga ya amsa wa kowa ba. Kowanne zai iya riƙe nasa, rabin lissafi daga wannan, rabi daga wancan. Ranar ba unguwa ɗaya za ta bushe ba. Sunan wa za ka rubuta?"

"Kafin baɗi Allah zai kawo mafita."

Na gane mafitar da yake jira: Malam ya daina zuwa, ko ta wace hanya. Shi ma ya ga na gane, ya shiga gyara takardun da ke gabansa.

Ya ba ni zuwa Laraba in sa hannu.

Har yanzu ina tambayar kaina: da gaske mantawa suka yi ba su gaya mini ba? Ko dai sun san wata rana abin zai fashe, suka ga gara ya fashe a hannun wadda ba ta nan lokacin da aka ƙulla? Dogo ya sami kujera ko ta wace hanya. Ba wai zarginsa nake yi ba.

Lahadi, da hantsi

Ina wanke wa ƙaramar 'yata kai, Baban yara yana tsaye a ƙofar banɗaki da jarida.

"In kin sa hannu, kin rufa wa Malam asiri."

"Na sani."

"In ba ki sa ba, kin tona."

"Na ce na sani. Ka je ka karanta jaridarka."

Bai tafi ba. "Tambaya ɗaya. Shi kuke tausayi, ko kanku? Don ni dai in na fara koya wa yara ba daidai ba, aka bar ni ina ta zuba a allo, ana goge mini a baya, ana yi mini murmushi..." Ya naɗe jaridar. "Ban san dai ba."

Yarinya ta ce sabulu ya shiga idonta. Na ce nawa ma.

Litinin, da yamma

Na je ƙofar Malam. Na tambaye shi ko yana da abin huda takarda.

Talata, bayan la'asar

Malam yana da ƙa'ida tun a jami'a: ba ya duba aiki a allo, kuma ba ya duba aiki da suna a jiki. A buga a takarda, a rufe sunan, a ba shi jan biro. Ya ce suna yana sa malami ya yi rashin adalci.

Na buga lissafin bututu na Tushe biyun, na yanke sunaye. Na shiga na ce, "Malam, ayyuka biyu ne, ɗaya za mu riƙe. Ka zaɓa mana."

Ya ji daɗi. Ya ɗaga tabarau, ya cire murfin biro da haƙori kamar da. Na farko ya bi shi da sauri, yana gyaɗa kai. "Wannan ya san abin da yake yi." Ya ɗauki na biyu. Bai kai tsakiya ba biro ya fara aiki.

"Kai! Faɗin bututu a wurin rabinsa? Wannan ko ɗan aji ɗaya! Dubi nan kuma, ya rubuta abu ɗaya sau biyu. Barci yake yi? Wa ya ɗauki wannan aiki a kamfanina?"

Idonsa yana ƙyalli. Rabon da in gan shi haka tun kafin in tafi. Duk kuskuren da na yi kwanaki ina tonowa, ya zagaye su da ja kafin shayinsa ya huce.

Sai ya kai ƙarshen shafi. Malam yana da ɗabi'a, duk aikin da ya gama ya gamsu, sai ya rubuta kalma biyu a ƙasa: an duba. Ba wanda ke yin haka sai shi. Suna nan a ƙasan shafin.

Ban lura da su ba lokacin da nake yanke sunaye. Haka zan ce, ko a nan.

Ya daɗe yana kallon wurin. Ya mayar da murfin biro a hankali.

"Tun yaushe?"

"Tun bara, Malam."

"Ruwan kan tudu?"

Na gyaɗa kai.

"Yaran sun sani."

"Sun sani. Sun ajiye tsohon a ɓoye, shi ke aiki. Girmanka suka duba."

"Girmana." Ya cire tabarau ya goge da bakin riga. "Shekara guda ina zuwa nan da jaka. Ina cewa na gaji da aiki." Ya yi wata 'yar dariya. "Ke kuma aka ce ki ɗauka."

Ban ce masa an ce ba. Ban san inda ya ji ba.

Ya ɗaga waya ya kira Manaja. Manaja ya shigo, ya gan ni, ya ga jan biro a takarda, ya yi tsuru-tsuru.

"Zauna ka rubuta," in ji Malam. "Yanzu, ina kallo, kada ka ce gobe. Goben nan ba ni da tabbas a kanta. Ka ce kuskuren a cikin Tushe yake, kuma ni na yi shi. Ka sa sunana cikakke. Tushe ɗaya za a bari, na kirkin. Daga yau duk abin da na rubuta sai ya bi ta hannun wannan yarinyar."

"Ranka ya daɗe, ai da an bari mun..."

"Ka iya rubutu ko in karɓa?"

Malam ya sa hannu. Ya sa aka aika a gabansa. Da zan fita ya ce, "'Yata." Na juyo. Ya ce, "Ba komai. Je ki."

Laraba, da rana

Na farke Taswira na ciro na ɓoyen, na mayar da shi mazaunin na fili. Yanzu Tushe fayil ɗaya ne, rigunan biyu duk shi suke nema, kuma na sa kowace riga ta duba tun a bakin ƙofa: in ta ga Tushe biyu a inji, ta tsaya ta yi ihu. Na juya jerin gaba da baya, amsa ɗaya. Na goge gargaɗin.

Anti Gwaji ba ta yi mini magana ba tun safe. Dogo ya ce, "Sannu da aiki," ba Shugaba a ciki. Ban san ko zagi ne ba.

Alhamis, ƙarfe tara na safe

Malam ya zo da wuri, da fara'arsa. Ya tsaya a kan teburina.

"'Yata, wani ya sa rabawa biyu a lissafin bututu, ba gaira ba dalili. Na cire. Amma na tura abin ya ƙi wucewa, wai sai an amince. Wane ne ya sa wa aikina ƙofa?"

Dogo ya sunkuya neman wani abu a ƙarƙashin tebur. Anti ta kafa wa allonta ido. Babu sauran wani na ɓoye da zai amsa a madadin kowa.

Na tashi na jawo kujerar kusa da tawa.

"Zauna, Malam, mu duba tare."

Ya yi dariya, ya waiwaya ya ga ko sauran sun ji. "Ni za ki duba wa aiki?"

"Kai ka ce in riƙa yi."

"Ni na ce?"

"Kai ka ce, Malam. Shekaranjiya."

Ya dube ni, ya daɗe. Ina ganinsa yana nema, bai samu ba. Sannan ya ajiye jakar a ƙasa ya zauna, ya laluba aljihun gaba, ya ciro jan biron ya miƙo mini.

"To nuna mini," in ji shi. "Amma a hankali."